Neman Gahawar Malam

Mahaifinmu malami ne, kuma mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Tun da na buɗe ido na tarar da zauren gidanmu na Sabon Birni cike da mutane bayan la'asar, manoma da teloli da 'yan kasuwa, kowa da littafinsa, wasu tun daga Gangara da Kurawa suke zuwa ɗaukar karatu. Sai idonsa ya soma yi masa hazo. Aka kai shi asibiti Sakkwato, aka yi abin da za a yi, daga ƙarshe likita ya ce sai haƙuri. Ranar da ya dawo ya sa aka danna wa ƙofar zaure sakata, mu muka koma shige da fice ta ƙaramar ƙofar gefe, shi kuwa ya shige ɗakinsa. Ya ce wanda ba ya ganin rubutu ba shi da ta cewa gaban ɗalibai. Ko masallaci ya daina zuwa, don ba ya son a ja masa hannu kan hanya mutane suna kallo.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Mutumin da littattafan nan suke zaune daram cikin kansa, wai shi ne za shi ƙare tsakanin bango huɗu yana jan carbi yana ramewa! Ni a Isa nake aure, ina koyar da matan aure a Islamiyya, kuma duk danginmu sun san ni da baki da zuciya kusa. Duk lokacin da hanya ta yi sauƙi sai in hau mota in taho, in durƙusa bakin ƙofarsa in yi ta zuba, wane ya tambaye shi, wane ya ce karatunsa ya tsaya. Shi dai amsarsa ɗaya ce, Allah shi yi albarka. Innarmu ta ce in rage baki, ba a yi wa Malam haka. Amma ita ma na sha kama ta tana leƙa akushinsa da ake dawowa da shi kusan yadda aka kai. Tsoronmu ɗaya ne da ita, kada ɗakin nan ya cinye mana shi.

Wata rana gab da faɗuwar damina na kai masa shayi da hantsi. Ya riƙe kofin bai sha ba, sai ya tambaye ni ko na taɓa shan jabana. Na ce ko sunanta ban taɓa ji ba. To fa, sai baki ya buɗe. Ya ce yana saurayi ya bi mahaifinsa hanyar Makka ta ƙasa, suka yada zango a Sudan suna aikin auduga don neman guzuri, kuma can ya sha wata gahawa da har yau bai sake samun irinta ba. Cikin wata 'yar butar ƙasa mai dogon wuya ake dafa ta, da citta, baƙa wuluk, a tsiyaya cikin ƙaramin finjali. Yana faɗi yana kwatanta wuyan butar da hannu, yana murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin tafiya asibiti.

Na fito da gudu har ina tuntuɓe da turmi. Na ce wa Inna an samu, wallahi an samu, gahawa za ta fito mana da shi. Inna ta ce hankalina dai bai taɓa cika ba, yaushe ruwan zafi ya taɓa buɗe zaure. Amma kafin azahar ita ce da kanta ta aika a gaya wa ƙanenta, Kawunmu direba mai zuwa Maraɗi, cewa duk abin da ya gani na gahawa a can ya kwaso.

Ni kuwa ina za ni iya jiran Kawu? Nan take na aika teburin mai shayi aka sawo garin nan na gwangwani, na dama da madara da sukari, na barbaɗa citta, na kai ina rawar jiki. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya sa mini albarka. Na fito ina washe baki, Inna ta kalli kofin ta ce in daina murna. Ta ce tun aurensu ta san shi, in abu ya yi masa daɗi ba ya cewa komai, kwano kawai za a gani wayam. In ya sa albarka ga kofi cike, ya sallame ki ke nan.

Sai muka tuna da Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta daɗe zaune Makka kafin ta dawo gida. Ai kuwa kamar jira take. Ta shigo da buta mai baki kamar na tsuntsu, da finjalai, da ƙullin ɗanyun 'ya'yan gahawa da ɗanta ya aiko mata. Ran nan na fara ganin su ido da ido. Ashe ba baƙaƙe ba ne, kore-kore ne, ƙanana, kowane da tsaga a cikinsa. Inna har ta jawo ƙwarya za ta jiƙa su kamar waken alala, Hajiya ta kama hannunta tana salati. Ta soya su sama-sama, ta sa wani ɗan ƙamshi da Larabawa ke ce wa hel, ruwan ya fito rawaya-rawaya. Ta koya mini in riƙe buta da hagu, in miƙa finjali da dama, kada in cika shi, kuma in haɗa da dabino. Malam ya kurɓa ya ce wagga ta mutanen Makka ce, ya ci dabino guda, ya sa albarka. Bai sha ba, amma ya gane ta, kuma ya yi magana fiye da ta gaisuwa. Wannan kaɗai ya ishe ni kwana da farin ciki.

Kawu ya dawo daga Maraɗi yana taƙama da wata butar ƙarfe mai hawa biyu, wadda ya ce wani abokinsa ya taho da ita daga Libiya, su ma can daga Italiya ta je musu. Ana murɗe ta ta rabu, ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, saman kuwa fanko. Kawu ya rantse ruwan da kansa za shi hau bene. Inna ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin ruwa ya yi sama ba, sai in aljanu ne a ciki. Muka ɗora kan gawayi muka kewaye ta, har da Hajiya da ta zo ganin ƙarshen fariyar Kawu. Can sai butar ta soma huci, tana gurnani, tana tofar da tururi. Inna ta kwashi zanenta ta yi bayan rumbu, ni na ɗauki murfin tukunya na kare fuska, Kawu da ke cewa kada kowa ya ji tsoro shi ne ya fi kowa nisa. Da ta lafa muka ɗaga murfi, sai ga baƙin ruwa ya cika sama taf. Kai, mun yi shewa ran nan har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Malam ya ce wannan ta fi maɗaci ɗaci, ya tambayi wa ya kawo, aka ce Kawu, ya ce ai dama.

Daga nan abin ya zama ruwan dare a gidan. Ƙanena da ke jami'a a Sakkwato ya zo hutu, ya buɗe mana waya, sai ga duniya duk tana dafa gahawa, kowa da haukarsa. Wasu suna tace ta da takarda, ɗigo-ɗigo, kai ka ce ba su da aikin yi. Wasu suna danne garin da wani marfi cikin kwalba. Wasu ba su ko kai ta wuta, cikin ruwan sanyi suke barinta ta kwana. Da aka zo kan masu kaɗa ƙwai a ciki Inna ta ce a kashe, ta ga abin da ya ishe ta. Amma da ya nuna mana Turkawa suna tura 'yar tukunya cikin rairayi mai zafi, kumfa na tasowa, sai dukanmu muka kwashe da dariya. Mu za a nuna wa rairayi? Mu da muka tashi muna soya gyaɗa a cikinsa? Kafin la'asar an ɗebo rairayin gulbi, an zuba cikin kaskon gyaɗar Inna, muka binne ɗan gwangwanin madara a ciki da gari da sukari. Kumfa ya taso kamar yadda muka gani, na yi tsalle na rungume Hajiya. Ta masu tacewa ma mun gwada, da sabon matacin koko, har da ta ruwan sanyi da muka rataya cikin randa.

Labari ya bazu har Isa. Ɗalibaina matan aure, kafin mu buɗe karatu sai sun tambaya, Malama, ya sha? Wata ta kawo mini kanumfari, wata ta ce a gwada da zuma. Ni kaina na sha gahawa a watannin nan har idona ya ƙi rufuwa, ina ta surutu kamar rediyo, maigidana ya ce shi dai ya ga wadda gahawar ta tayar, kuma ba Malam ba ne.

Duk wannan bidiri can ƙuryar gida muke yin shi, wajen madafi, nesa da ɗakin Malam da ke jikin zaure. Haka muka tashi muka gani. Hayaƙi da daka aikin cikin gida ne, ba a kai su kusa da malami, abin da za shi ci ko shi sha sai an gama an rufe da faifai, a kai a durƙusa a ajiye a ja da baya. Tun da ya rasa ido ma sai Inna ta ƙara tsanani, ta ce kunnensa ya ƙara kaifi, kada a dame shi. Dakan gahawar gidan Hajiya ake kai shi. In ana suya Inna na tsaye da mafici tana kore hayaƙin ya bi ta bayan gida. Ko da ƙanena ya samo mana hoton wata mata 'yar Sudan tana dafa jabanar kanta, muka ga ta ɗauki kaskon suya tana zagayawa da shi gaban maza, Inna ta ce a wuce wurin, wannan rashin ta ido ne. Ni ma na ce ƙwarai kuwa, mu butar da citta muke nema.

Butar kuwa sai da na sa aka gina ta. Akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane da ke kasa kaya kasuwar Isa, na zauna gabanta ina kwatanta mata ciki kamar na ɗan tulu, wuya dogo siriri. Ta farko ta fito kamar asusu, ta biyu wuyan ya karye wajen gashi, muka yi cacar baki da ita har mutane suka taru, sannan ta uku ta fito yadda ake so. Na naɗe ta cikin zane na rungume a mota, duk ramin da muka faɗa sai in yi wa direba masifa. Muka soya 'ya'yan har suka yi baƙi, aka daka da citta, aka tafasa, aka toshe bakin butar da zaren kaba don tacewa. Na yi wanka na sa sabon mayafi, sannan na ɗauki tire.

Ya shafa butar tun daga gindi har wuya, ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya ajiye finjalin da saura a ciki.

"Ita ce, ɗiyata, amma ba ita ba ce," in ji shi. "Ku huta hakanan, kun wahala. Allah shi yi albarka."

Ban san sa'ad da na fito ba. Na zauna bayan rumbu na yi kuka mai isata, na haushi da na tausayi a haɗe. Na ce wa Inna gobe za ni koma Isa, kuma kada wanda ya sake ambata mini gahawa. Ta ce to. Ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba, don ta san ni.

Washegari ranar kasuwa ce. Na haɗa kayana, sai na ga sauran 'ya'yan gahawar, bai fi cikin tafi ba, a gindin ƙullin Hajiya. Taurin kaina ya motsa, na ce wallahi ba za ni bar su ba, ko ni kaɗai in shanye. Na hura gawayi bayan la'asar ke nan hadari ya taso daga gabas, iska ta ɗage rabin rumfar madafi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ɗauki murhun gawayin na nufi ɗakin Inna, ta tare ƙofa ta ce ba a cikin jerenta ba, hayaƙi ya ɓata mata kwanoni da tufafi. Na tsaya tsakar gida ruwa na dukana, raina a ɓace, sai idona ya faɗa kan zaure. Ba kowa a ciki tun watanni. Na ce ai ko ba komai yana da rufi. Na shige ta ƙofar ciki da murhu da kasko da ɗan turmi da butata, ban ko tuna ɗakin wa ke jikin bangon ba.

Zauren na warin ƙura da jemage. Buzun Malam na nan shimfiɗe inda ya bar shi. Na tsuguna daga gefe na zuba 'ya'yan cikin kasko, ina juyawa ina ƙunƙuni. Suka soma ƙara, fat, fat, hayaƙi ya tashi mai kauri, ga shi ba ta inda za shi fita. Ina tari ina share ido sai na ji kamar ana shafa bango. Na ɗaga kai. Malam ne tsaye bakin ƙofar ciki, ba sanda, ba mai ja, kafaɗar rigarsa jiƙe da ruwa, hancinsa a sama.

Na miƙe a firgice ina ba da haƙuri, ina neman inda za ni ɓoye kaskon.

"Kada ki fita da shi," in ji shi. "Kawo nan. Kusa da ni."

Ya lalubi bango har ya kai buzunsa, ya zauna. Na miƙa kaskon gabansa. Ya sa tafin hannu yana jawo hayaƙin zuwa fuskarsa da gemunsa, yana lumshe idon da ba ya gani. Ya ce can Sudan gabanka ake soya ta, a zagaya da kaskon kowa ya shaƙa, sannan a daka kana ji, kana jira, ana hira, kafin finjali ya iso hannunka ka riga ka sha rabinta. Ya ce shi duk watannin nan ana ta kawo masa ruwa a rufe, bai san inda aka baro sauran ba. Na ce ai mu ladabi muke yi. Ya yi dariya sosai, har da tari. Sannan ya ce na ƙona su, amma ba komai, in daka.

Na daka, gaban Malam, cikin zauren karatu! Da wani ya gaya mini za ni yi haka da na ce ya sha wani abu. Ya ce in rage gaggawa, in riƙa bugun gefen turmin ma, yana kaɗa yatsa bisa gwiwa yana ba ni kiɗan. Hayaƙi kuwa ya cika wuri har ba mu iya numfashi. Ya ce in buɗe ƙofar waje. Na tsaya ina kallonsa, na ce ta waje fa? Ya ce ita.

Sakatar ta yi tsatsa, sai da na sa taɓarya na buge ta. Ƙofa na buɗewa sai ga mutane maƙale jikin bango suna fakewa ruwa, 'yan kasuwa masu jiran a ɗauke su koma gida. Cikinsu akwai wani dattijo manomi daga Gangara, tsohon ɗalibin Malam, da buhu a ka. Ya leƙo, ya ga wanda ke zaune bisa buzu, sai ya yar da buhun, ya tuɓe takalmi, ya shigo ya durƙusa. Sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Na ja mayafi za ni sulale ciki, Malam ya ce in zauna, butar ba ta tafasa ba.

Aka gaisa, kowa ya samu wuri ya zauna. Shi dattijon nan bai san komai game da gahawa ba. Ya ga zaure buɗe, ya ga Malam a mazauninsa, shi a ganinsa karatu ya dawo ke nan.

"Allah shi gafarta Malam," in ji shi, "dama akwai abin da ya dame mu can ƙauye. In ruwa ya ɗauke amma laka ta hana tafiya, shin muna iya haɗa magariba da lisha a masallaci?"

Na kalli Malam. Na ga hannunsa ya tafi gefen dama, inda littattafansa suke zama da, ya shafa tabarma, ba komai a wurin. Na riƙe butar har tana ƙona ni ban saki ba, ina addu'a cikin raina. Sai ya janye hannun ya ɗora bisa gwiwa, ya gyara murya, ya jawo nassin da ka, Larabcin na fita tiryan-tiryan, yana tsayawa yana fassarawa, ya kawo maganar laka da ta duhu, ya rarrabe musu inda ya halatta da inda bai halatta ba. Muryar nan ce dai da na tashi da ita, ba abin da ya ragu. Na tsiyaya masa gahawar nan ƙonanniya na sa a hannunsa, ya shanye yana cikin bayani, ya miƙo finjalin ba tare da ya ce mini komai ba, na ƙara.

Da ya kai aya, ya juya wajen dattijon.

"Gobe ka taho da littafinka. Kai ka karanta, ni in fassara. Ka gaya wa sauran."

Na fita ta ƙofar ciki da gudu don in kai wa Inna labari, sai na yi karo da ita nan bayan ƙofar, tsaye cikin ruwa, ta jiƙe sharkaf, ɗankwalinta ya manne mata a ka. Ban san tun yaushe take wurin ba. Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu, don Malam ya soma amsa wata tambayar kuma ba ta son ta rasa ko kalma. Sai da ya kai ƙarshe sannan ta share fuska da gefen zane, ta ce mini a hankali:

"Tafi gidan Hajiya ki aro finjalai. Mutanen na da yawa."